Amsoshin Tambayoyinku: National League, Mataki na Biyar a Ƙwallon Ingila

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da Wrexham ta kama hawa mataki bayan mataki har ta kai Championship a 2025, saƙonni kan ƙananan gasannin Ingila suka yi ta shigo mini, shi ya sa na ware musu filin wannan makon kacokan. Masu kama da juna na haɗe su, masu tsawo na rage musu. Waɗanda suka aiko tambaya kan cinikin 'yan wasa su ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure a gidan kallon unguwarmu. Wani ya dage cewa ƙwallon sana'a a Ingila a League Two ta ƙare, duk ƙungiyar da ta faɗo daga nan sai dai ta koma wasan unguwa. Ni kuma na ji an ce Wrexham daga wata gasa ta fito mai suna National League. A raba mana gardama.
Daga wani mai karatu, Fagge, Kano

AMSA: Ɗan'uwa, gaskiya na wajenka. Bari in jero maka daga sama. Firimiya ƙungiyoyi 20 ne. Ƙasa da ita akwai Championship, League One da League Two, kowace da ƙungiyoyi 24, ukun duka a hannun hukumar da ake kira EFL. In ka haɗa, 92 ke nan. Waɗannan su mutanen Ingila ke ƙirgawa a matsayin 'yan ciki, wadda ba ta cikinsu kuwa 'yar waje ce komai girmanta. National League ita ce gaba a gasannin waje, wato mataki na biyar.

Ƙungiyoyi 24 ke cikinta, kowace ta buga wasa 46 gida da waje, daga Agusta zuwa wajen ƙarshen Afrilu. Ita ce gasa ta ƙarshe da ta game ƙasar baki ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga ƙungiyar da ba ta da kuɗin jirgi. A kakar 2025-26 Truro City, da ke can ƙuryar kudu maso yamma a yankin Cornwall, ta faɗa gasa ɗaya da Gateshead ta arewa maso gabas. Tsakaninsu ya haura kilomita 700, ya fi Kano zuwa Maiduguri. A yi wannan tafiyar don wasan minti 90, sannan a juyo.

Saboda irin wannan wahalar aka raba mataki na shida gida biyu, National League North da National League South, kowanne da ƙungiyoyi 24. Rukunan uku, ƙungiyoyi 72, hukuma ɗaya ke tafiyar da su. Rabon ma ba kullum yake daidaita ba. An taɓa tura Bishop's Stortford, wadda ba ta da nisa da Landan, ta je ta buga da 'yan arewa don adadi ya cika. Ƙasa da nan sai mataki na bakwai, inda ake da Northern Premier League, Isthmian League da Southern League mai rukuni biyu, haka abin ke ta yin rassa har gasannin gundumomi. Kowane mataki a haɗe yake da na samansa: wadda ta ci ta hau, wadda ta gaza ta sauka.

Batun wasan unguwa kuwa, ka gaya wa abokinka cewa Notts County, da aka kafa tun 1862, kafin a san da Arsenal ko Liverpool ko Manchester United, ta yi kaka huɗu a wannan gasa. Oldham Athletic na cikin ƙungiyoyin da aka buɗe Firimiya da su a 1992, ta faɗo nan a 2022. A kakar Wrexham ta ƙarshe a ciki, mutum wajen 10,000 ke zuwa filinta kowane wasa. Ranar da Oldham ta doke Southend 3-2 a Wembley cikin Yunin 2025 ta koma League Two, 'yan kallo sun haura 52,000. In kuma ka ga an rubuta Vanarama ko Enterprise a gaban sunan gasar, kar ka rikice, kamfanin da ke ɗaukar nauyinta ne a lokacin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni tarihi nake koyarwa, shi nake so in ji. Yaushe aka kafa wannan gasa, kuma me ya kawo ta, tunda ƙwallo ta daɗe a Ingila kafin nan?
Daga wani malamin makaranta, Damagaram, Nijar

AMSA: Malam, ina amsawa. A 1979 aka kafa ta da sunan Alliance Premier League, kuma takaici ne ya haife ta.

Kafin wannan lokaci, ƙungiyar waje ba ta shiga cikin 92 don ta ci kofi. Ƙuri'a ake kaɗawa. A ƙarshen kowace kaka, ƙungiyoyi huɗu na ƙasan rukuni na huɗu, wato League Two ta yanzu, sukan je taron shekara su roƙi a sake zaɓensu, na waje masu son shiga su ma su miƙa takarda, sannan shugabannin ƙungiyoyin ciki su zaɓa. To, mutumin da kuka yi shekaru kuna zama taro tare, kuma ka san gobe kai ma kana iya zuwa neman ƙuri'arsa, ta yaya za ka kore shi saboda baƙo? Hartlepool sau 14 ta tsaya wannan roƙo a tarihinta, ba a taɓa korar ta ba. Daga 1958 da aka kafa rukuni na huɗu zuwa 1986, sabbin ƙungiyoyi shida kacal suka shiga: Peterborough a 1960, Oxford United a 1962, Cambridge United a 1970, Hereford a 1972, Wimbledon a 1977, sai Wigan a 1978. Malam, duba biyun ƙarshen nan. Wimbledon ta doke Liverpool a wasan ƙarshe na Kofin FA a 1988, shekara 11 da shigarta. Wigan ta ɗauki kofin nan a hannun Manchester City a 2013. Irin ƙungiyoyin da ake barin su a bakin ƙofa ke nan.

Su ma na wajen rarrabuwa ta cuce su. Southern League na da zakararta, Northern Premier League na da tata, ga wasu can gefe kowa na miƙa takarda, sai 'yar ƙuri'ar da ke akwai ta warwatse. Shi ne manyansu suka ce bari a haɗu a gasa ɗaya ta ƙasa, a fitar da gwani ɗaya wanda ba mai iya cewa bai cancanta ba. Aka ɗauko 13 daga Southern League, 7 daga Northern Premier League, aka fara da 20. Isthmian League ta yankin Landan ba ta shiga da farko ba, sai daga baya.

Altrincham, ƙungiyar wani gari kusa da Manchester, ita ta ci kofin farko a 1980. Aka je taro, ta samu ƙuri'a 25, Rochdale da ta ƙare a ƙarshen teburin rukuni na huɗu ta samu 26. A 1981 Altrincham ta sake cin kofi, aka sake hana ta. Wannan ƙungiya ba ta taɓa taka cikin 92 ba, kuma duk lokacin da na ga sunanta a teburi sai na tuna ƙuri'a ɗayan nan. Daga 1980 zuwa 1986 ba zakara ko ɗaya da aka buɗe wa ƙofa.

A 1986 aka sauya sunan gasar zuwa Football Conference, aka kuma amince cewa daga kakar 1986-87 zakara za ta hau kai tsaye, ta ƙarshen rukuni na huɗu ta sauko. Scarborough ce ta fara cin moriyar wannan, ƙarƙashin koci Neil Warnock. Ranar ƙarshe ta waccan kakar har yau ana ba da labarinta. Burnley, wadda ta ci kofin ƙasa a 1960, tana cikin haɗari tare da Torquay da Lincoln City. Burnley ta ci wasanta ta tsira. Torquay kuwa Crewe na cin ta 2-1 ana dab da tashi, sai karen 'yan sanda da ke bakin fili ya ga ɗan bayan Torquay, Jim McNichol, ya sheƙo a guje wajen mai riƙe da shi, ya kai masa cizo a cinya. Aka tsayar da wasa ana duba shi. A cikin mintocin da alƙali ya ƙara saboda wannan tsaikon Paul Dobson ya farke, aka tashi 2-2. Lincoln da ta sha kashi a Swansea ta zama ƙungiya ta farko da ta faɗo ta wannan hanya. Ba ta daɗe ba, a 1988 ta ci Conference ta koma.

Sauran sauye-sauyen a taƙaice: an ƙara gurbi na biyu na hawa a kakar 2002-03, an kafa rukunan arewa da kudu a 2004, an kai adadin ƙungiyoyi 24 a 2006, sannan a 2015 aka raɗa mata sunan da take amsawa yanzu.

TAMBAYA: Malam, ita ce kamar NNL ɗinmu ta Nijeriya?
Daga wani magoyin bayan Sai Masu Gida, Wudil

AMSA: Sunan ne ya zo ɗaya, matsayin ya bambanta. NNL mataki na biyu ce, daga ita sai babbar gasar Nijeriya, NPFL, shi ya sa da Kano Pillars ta faɗi a 2022, kaka ɗaya ta yi ta dawo a 2023. Ta Ingila kuwa matakai huɗu ne a samanta. Wani bambancin shi ne mai gida. Yawancin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, albashi daga baitulmali yake fitowa. Can kuwa ƙungiya ta attajiri ce, ko ta 'yan kasuwar gari, ko ta magoya baya da suka haɗa kuɗi. Wrexham a hannun magoya bayanta take kafin 'yan fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney su saye ta a 2021. In tikiti bai sayu ba kuma mai gida ya janye hannu, ƙungiya rushewa take yi. Haka ta faru da Macclesfield Town a 2020, kotu ta rufe ta saboda bashi.

TAMBAYA: Yallaɓai, wani lissafi ya ɗaure mini kai. A kakar 2024-25 na ga York City ta gama ta biyu da maki 96, Oldham ta gama ta biyar da maki 73, amma Oldham ce ta hau, York ta zauna. Yaya aka yi haka?
Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya

AMSA: Ƙanwata, lissafinki daidai ne, kuma kin taɓo inda ya fi ci mini rai a wannan gasa.

Gurbin hawa biyu ne. Ta ɗaya a teburi ta wuce kai tsaye, a waccan kakar Barnet ce. Gurbi na biyu sai an yi wasannin cike gurbi, kuma tun kakar 2017-18 ƙungiyoyi shida ke shiga, daga ta biyu zuwa ta bakwai. Ta huɗu ta karɓi ta bakwai, ta biyar ta karɓi ta shida. Waɗanda suka ci su je gidan ta biyu da ta uku a wasan kusa da na ƙarshe. Duk wasa ɗaya ne, ba gida da waje, wadda aka cire ta tafi. Daga nan sai wasan ƙarshe, galibi a Wembley. Oldham ta je har York ta ci 3-0, aikin wata tara ya tafi a dare ɗaya.

Ban ce Oldham ta yi sata ba. Dokar da kowa ya sani tun farkon kaka ta bi, kuma wasannin cike gurbi na da amfaninsu, don suna sa ƙungiyar da ke ta tara ko ta goma ta ci gaba da fafutuka har Afrilu. Matsalar ita ce ƙofar ta yi ƙunci. Daga Championship uku ke hawa. Daga League One uku. Daga League Two huɗu. Daga mataki na shida, huɗu ke shigowa National League kowace shekara, biyu daga arewa biyu daga kudu, huɗu kuma su sauka. Amma ta sama biyu kawai ke fita. A duk tsanin, wannan ce gaɓar da ta fi matsewa, kuma a daidai inda tsoffin manyan ƙungiyoyi suka taru.

York ba ita ce ta farko ba. A kakar 2011-12 Wrexham ta tara maki 98, Fleetwood ta tara 103, Wrexham ta faɗi a cike gurbi, ba ta fita ba sai bayan wasu shekara 11. Gaba ɗaya shekara 15 ta yi a ciki, daga 2008 zuwa 2023. A kakar da ta fita ɗin da maki 111, Notts County ta tara 107, adadin da a kowace shekara ta baya kofi ne. Duk da haka sai da ta shiga cike gurbi, Boreham Wood ta zura mata biyu a gidanta, ta farke a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci, ta ci 3-2 bayan an ƙara minti 30. A Wembley kuma sai a bugun fenareti ta rabu da Chesterfield. Da ƙwallo ɗaya ta kauce, ƙungiya mai maki 107 ta sake kwana a mataki na biyar.

Masu kare tsarin na cewa ƙungiyoyin ƙasa ba za su iya da League Two ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. Daga 1987 zuwa kakar 2024-25, ba ƙungiyar da ta hau daga wannan gasa sannan ta faɗo a kakarta ta farko. Da yawa ma wucewa suka yi: Stevenage, Crawley, Bristol Rovers da Tranmere duk sun hau sau biyu a jere, Wrexham sau uku. Luton, da aka cire wa maki 30 ta faɗo a 2009, ta yi kaka biyar kafin ta fita a 2014, a 2023 kuma tana Firimiya, da ɗan wasanta Pelly Ruddock Mpanzu wanda ya bi ta tun daga mataki na biyar har can.

Na san tsoron 'yan League Two, kuma ba tsoron banza ba ne. Ƙungiyar da ta faɗo, kasonta na kuɗin talabijin da tallafin Firimiya raguwa yake yi sosai, makarantar horar da yaranta na iya rufewa, masu gadi da masu gyaran fili da masu sayar da tikiti su rasa aiki. Yeovil da ta buga Championship a kakar 2013-14 ta gangara har mataki na shida a 2023, Scunthorpe ma haka. Amma abin da ya sa faɗuwar ta zama abin tsoro haka shi ne wahalar komawa. In gurbin uku ne, wadda ta faɗo ma hanyar dawowarta ta faɗaɗa.

A farkon 2025 ƙungiyoyi 72 na National League suka fito da kamfe mai suna 3UP, suna neman a ƙara gurbi na uku. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Sai dai kin san wa zai yanke hukunci? Ƙungiyoyin EFL, ta hanyar ƙuri'a. Hannun da ya hana Altrincham a 1980 shi ke riƙe da makullin.

TAMBAYA: Malam, wai da gaske ne ƙungiya na iya cin kofin sukutum amma a hana ta hawa?
Daga wani mai karatu, Bauchi Road, Jos

AMSA: Da gaske ne, kuma ta faru shekara uku a jere: Kidderminster a 1994, Macclesfield a 1995, Stevenage a 1996. Dukansu filayensu ne ba su cika sharaɗi ba a wa'adin da aka ɗiba. A nan ba zan zargi hukuma gaba ɗaya ba. Gobarar filin Bradford ta 1985 ta ci rai 56, turmutsutsun Hillsborough na 1989 ya ci 97, dole a tsaurara kan lafiyar 'yan kallo. Abin da bai yi mini ba shi ne wa'adin yakan cika tun kaka ba ta ƙare ba, ƙaramar ƙungiya ta zuba kuɗin gini alhali ba ta san ko za ta ci ba. Dukansu ukun sun gyara sun hau daga baya: Macclesfield a 1997, Kidderminster a 2000, Stevenage sai a 2010.

Sharuɗɗan na nan har yanzu. National League ta yarda da ciyawar roba, EFL ba ta yarda ba. Harrogate a 2020, Sutton United a 2021 da Bromley a 2024 duk sai da suka ɗaye tasu suka shuka ta gaske, alhali filin robar nan haya suke ba makarantu da ƙananan ƙungiyoyi duk mako suna samun na kashewa. A 2024 kuma an hana Gateshead shiga cike gurbi bayan ta cancanta, saboda ba ta da yarjejeniyar shekara 10 a kan filin da take haya. A kakar nan dai ta je Wembley ta ɗauki FA Trophy, kofin da aka keɓe wa ƙungiyoyin waje.

TAMBAYA: Baba, muna gaisuwa daga Zango. 'Yan wasan can sana'arsu ke nan ko suna da wani aiki? Kuma akwai wani na kirki da ya taɓa fitowa daga ciki?
Daga wasu samari, Zangon Kumasi, Ghana

AMSA: Samari, ina amsawa. A mataki na biyar yawancin ƙungiyoyi ƙwallo ce sana'ar 'yan wasansu, safe su fita atisaye kamar na League Two. A na shida abin gauraye ne, za ka samu malamin makaranta ko mai gyaran wuta ko magini da ya tashi daga aiki ya wuce atisaye daren Talata da Alhamis, Asabar ya buga wasa.

Wanda kowa ya sani shi ne Jamie Vardy. Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16, ya koma aiki a masana'anta yana buga wa Stocksbridge Park Steels. Daga nan Halifax, sai Fleetwood, inda ya zura ƙwallo 31 a kakar nan da aka bar Wrexham da maki 98. Leicester ta saye shi fam miliyan 1 a 2012, ya ci Firimiya da ita a 2016, shekarar da Ahmed Musa ya je ya same shi a can. Naku na Ghana, Antoine Semenyo, Bristol City ta ba da aronsa ga Bath City ta mataki na shida a 2018, can ya fara gogawa da manya. Joe Aribo na Super Eagles, wanda ya ci wa Rangers ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Europa a 2022, daga Staines Town Charlton ta ɗauko shi. Jarrod Bowen a Hereford ya fara, lokacin tana mataki na biyar.

TAMBAYA: Malam, mu nan mun ji labarin wani ɗan ƙasarmu da ya yi abin mamaki da ƙaramar ƙungiya a Kofin FA. Ashe suna haɗuwa da manya?
Daga wani mai karatu, Garwa, Kamaru

AMSA: George Elokobi kake nufi, haifaffen Kamaru, tsohon ɗan bayan Wolves. A Janairun 2024 ya ja Maidstone United ta mataki na shida ta je har gidan Ipswich ta ci 2-1, Ipswich ɗin da ta hau Firimiya a ƙarshen wannan kakar. Kofin FA ne wurin haɗuwarsu. 'Yan mataki na biyar na shiga a zagayen share fage na ƙarshe, in ƙuri'a ta yi musu kyau su kai ga manya a Janairu. Sutton ta cire Coventry a 1989, Luton ta cire Norwich a 2013. Lincoln a 2017 ta doke Burnley ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas, abin da ƙungiyar waje ta yi shekara 103 ba ta yi ba, kafin Arsenal ta tsayar da ita.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne soke maimaita wasa da aka yi daga kakar 2024-25. A da in aka yi canjaras sai a sake bugawa a gidan ɗayar, a raba kuɗin ƙofa. A Janairun 2025 Tamworth, mai 'yan wasa masu aikin yini, ta riƙe Tottenham 0-0 har minti 90. A tsohon tsari da ta je Landan ta buga a filin da ke cin mutum sama da 60,000, ta dawo da kuɗin da zai riƙe ta shekaru. A sabon tsari aka ƙara minti 30, gajiya ta kama su, aka ci su 3-0. An yi sauyin ne don sauƙaƙa wa manyan da wasannin Turai suka yi wa yawa, ƙanana suka biya kuɗin.

TAMBAYA: Malam, shawara nake nema. Ɗana shekararsa 17, Allah Ya ba shi ƙafa, duk garinmu an shaida. Wani mutum ya zo ya ce yana da hanya da wata ƙungiya ta mataki na biyar a Ingila, wai su ba su da tsauri kamar manya, in kawo kuɗin biza da na gwaji zai kai shi. Har na fara tunanin sa gonata a kasuwa.
Daga wani uba, jihar Katsina

AMSA: Alhaji, Allah Ya raya maka shi, Ya sa masa albarka. Don Allah kar ka sayar da gonar nan.

Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ko ya kai 18 ɗin, baƙo ba ya buga ƙwallon sana'a a Ingila sai da izinin aiki, izinin kuma sai FA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, ta sa hannu. Abin da take dubawa shi ne wasa nawa ya buga wa ƙasarsa, wace gasa yake bugawa, minti nawa ya samu a fili. Bizar ziyara ko ta karatu ba ta ba mutum damar buga ƙwallon kuɗi. Ƙanƙantar ƙungiya ba ta sassauta wannan doka ko kaɗan, hasali ma ƙaramar ƙungiya ita ce ba ta da ƙarfin ɗauko ɗan wasa daga Afirka. Sunayen da na ambata a sama, Semenyo da Aribo a Landan aka haife su, Elokobi kuma yana zaune a Ingila ne ya fara buga wa ƙananan ƙungiyoyinta.

Ƙungiyar gaske ba ta karɓar kuɗi a hannun uba don ta gwada ɗansa. Ka ce wa mutumin ya nuna maka lasisinsa na FIFA na dillancin 'yan wasa, da takardar gayyata mai sunan yaron. Ka sa wani mai ilimi da ka yarda da shi ya nemo adireshin ƙungiyar a shafinta na intanet, ba wanda mutumin ya ba ka ba, ya rubuta musu ya tambaya ko sun san da maganar. Ka kuma kai takardun ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharku su duba. Kafin duk wannan ya tabbata, ko sisi kar ta fita daga hannunka.

Yaron kuma ya ci gaba da makaranta, a nema masa ƙungiya mai rajista da ke buga gasar jiha ko Nationwide League One, inda masu neman 'yan wasa na NNL da NPFL ke zuwa kallo. Ahmed Musa ta JUTH ta Jos da Kano Pillars ya bi, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Nijeriya a kakar da ya buga wa Pillars, sannan ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta zo da kanta ta ɗauke shi a 2010.